Yadda ake kallon tsuntsaye da ɗaukar hotonsu a cikin kurmi

Mu da muka tashi a Arewa mun saba ganin tsuntsu a sarari. Balbela na bin shanu, shamuwa na sauka a kan kuka ta yi mana albishir da damina, cilakowa na tashi daga wannan ƙaya zuwa waccan, duk ido na hango su tun daga nesa. Kurmi ba haka yake ba. Ranar da na fara shiga kurmi na gaske, a Gashaka ta jihar Taraba, na yi kusan awa biyu ina jin kuka ta ko'ina, sama da ƙasa, dama da hagu, amma ko gashin tsuntsu ɗaya ban gani ba. Itatuwa sun haɗa kai sun rufe sama, ƙasa ta yi duhu kamar an yi magariba, alhali hantsi ne. A gida mukan ce gani ya kori ji. A kurmi kuwa ji ne ke kai mutum ga gani, kuma duk abin da zan faɗa a nan kan wannan ya ginu.

Da farko, zaɓi wuri da lokaci

An lissafa nau'in tsuntsaye sama da 900 a Najeriya, kuma da yawa daga cikinsu ba sa barin kurmi ko da taki ɗaya. Ga ɗan Arewa, shawarata kada ya fara da kurmin kudu mai duhu. Ya fara da dajin Amurum da ke Laminga, kusa da Jos, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take. Wuri ne ƙarami, ya haɗa duwatsu da daji da siririn kurmi na bakin rafi, don haka ido na samun abin gani yayin da kunne ke koyo. A duwatsun yankin Jos ne ma ake samun wani ɗan jan tsuntsu mai cin tsaba wanda sai a 1998 masana suka bayyana shi a matsayin nau'i na daban.

Idan ƙafa ta saba, sai Taraba. Gandun Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, shi ne mafi girma a gandayen dajin ƙasar, hedikwatarsa na Serti, kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419. Ka ƙara hawa tsaunin Mambila ka tarar da kurmin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, kurmin kan tudu mai sanyi da hazo, mai tsuntsayen da ba za ka taɓa gani a ƙasan tsaunin ba. Kurmin ruwan sama na ainihi kuwa yana Okomu a jihar Edo da gandun Kuros Riba. 'Yan'uwanmu na zango a Gana suna da Kakum kusa da Kef Kos, inda aka ɗaura gadar igiya a tsakanin manyan itatuwa, mutum ya yi tafiya a sama ya ga tsuntsayen ƙololuwa ido da ido.

Lokaci mafi sauƙi shi ne rani, daga Nuwamba zuwa Maris. Hanyoyi sun bushe, rafuka sun ja baya, tsuntsaye na taruwa a ɗan ruwan da ya rage, ga baƙin tsuntsaye da suka gudo wa hunturun Turai. Illarsa ɗaya, ƙurar hunturu kan dusashe hoto. Farkon damina ya fi kuka da ado, don lokacin aure da sheƙa ne, amma sai ka shirya wa taɓo.

Kafin ka ɗaura jaka, kira ofishin gandun ka tambayi halin tsaro na wannan makon, ba na bara ba. Akwai dazuzzuka masu kyau da yanzu ba a shiga. Babu hoton da ya kai ranka.

Na biyu, kaya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya fi kyamara muhimmanci shi ne madubin hangen nesa mai ido biyu, kuma ka nemi wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa. Lamba ta farko na nufin yana kusanto abu sau takwas, ta biyu faɗin gilashin gaba ce da milimita. Mutane kan ruɗu da mai 12 ko 16 don yana jawo nesa, amma a kurmi babu nesa. Abin da kake buƙata haske ne da faɗin gani, don ka kama tsuntsu kafin ya ɓace a bayan ganye.

Kyamara kuwa, kowace iri mai canjin gilashi za ta yi, muddin tana jure ƙarancin haske. Gilashi mai tsawon milimita 300 zuwa 400 ya isa. Wanda ya fi haka nauyi ne kawai, kuma sau da yawa tsuntsun zai zo kusa har ya fi ƙarfin gilashin. Ɗauki batir biyu ko uku, don wurare irin su Gashaka ba a dogara da wuta, da mimori na ƙari, da babbar leda ta rufe kaya idan hadari ya taso. Sandar dogara kyamara mai ƙafa ɗaya ta fi mai ƙafa uku amfani a siririyar hanya mai saiwoyi.

Tufafi su zama masu duhu, kore ko ruwan ƙasa. Farar riga a kurmi tamkar tocila ce. Idan wurin akwai ƙudan tsando, kamar bakin kogunan Gashaka, ka guji shuɗi da baƙi ƙirin don su ne launukan da ke jawo shi. Dogon hannu, dogon wando, takalmin roba mai dogon wuya irin na masu aikin fadama, ka cusa ƙafar wando a ciki. Maganin sauro na shafawa, gidan sauro na kwana, gorar ruwa, ɗan littafi da fensir. Na ce fensir ne don biro kan ƙi rubutu a takarda mai laima. Littafin gane tsuntsaye da kowa ke riƙewa a yankinmu shi ne Birds of Western Africa na Nik Borrow da Ron Demey. A waya kuma ka sauke manhajar Merlin mai taimakon gane tsuntsu, da eBird ta ajiye jerin tsuntsayen da ka gani, tun kana gari, ka saurari kukan tsuntsayen wurin a shafin xeno-canto na mako ɗaya ko biyu kafin tafiya. Ka sani Merlin bai ƙware da kukan tsuntsayen kurminmu kamar yadda ya ƙware da na Turai da Amurka ba, don haka kada ka miƙa masa kunnenka.

Na uku, nemi ɗan gari

Da ɗan gari akan ci gari. A gandun gwamnati dole ne ma ka yanki takarda a ba ka ma'aikaci ya raka ka. A kurmin ƙauye kuwa, ka fara gaida mai gari ka faɗi abin da ya kawo ka, domin wasu kurame wuraren tsafi ne ko na al'ada da ba kowa ke shiga ba. Mafi ƙwarewar 'yan jagora galibi tsofaffin maharba ne. Wataƙila bai san sunan tsuntsu na littafi ba, amma ya san itacen da ya nuna a wannan makon, ya san kududdufin da bai ƙafe ba, yana jin kuka ɗaya ya nuna maka reshen. Ka biya shi da kyau. Ranar da tsuntsu mai rai ya fi matacce kawo masa kuɗi, ranar ce kurmin ya sami mai gadi.

Ku daidaita tun a hanya yadda za ku riƙa nuna wa juna tsuntsu ba tare da ɗaga hannu ba. Ku ɗauki itace kamar fuskar agogo: sama ƙarfe goma sha biyu, dama ƙarfe uku. Raɗa ɗaya, "itacen tsakiya, ƙarfe biyu, bayan busasshen ganye", ta wadatar.

Na huɗu, yadda ake tafiya

Ka yi sallar asuba ka fita, gari na wayewa kana bakin kurmi. Daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe goma shi ne kasuwar tsuntsaye. Kada ka faɗa ciki kai tsaye. Ka tsaya a gefe, inda kurmi ya haɗu da gona ko hanya, rana tana bayanka. Tsuntsaye na fitowa shan hantsi a kan busassun rassa, kuma nan ne za ka sami mafi kyawun haske na yinin gaba ɗaya. Sai rana ta ɗaga sannan ka shiga.

A ciki, tafiyar hawainiya ake yi. Taki goma, ka tsaya, ka saurara. Kilomita ɗaya a awa ɗaya ba jinkiri ba ne. Idan ka ji kuka, kada ka ɗaga madubi kana lalube. Tsaya cak, juya kai a hankali har ka gane ɓangaren da sautin ke fitowa, ka bar idonka a kan wurin ba tare da ka ƙura wa ganye ɗaya ba. Motsi kake jira: ganye ya girgiza alhali babu iska, ɓawo ya faɗo, inuwa ta gilma. Da ka ga motsin, kada ka ɗauke ido, ka ɗago madubin ya tarar da idonka a inda yake. Wannan ɗan abu shi ne bambancin sabon shiga da gwani, kuma ana koyonsa a tsakar gida da kurciya.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma a nan maganar ba karin magana ba ce, aiki ce. Kada ka ce za ka haddace kuka ɗari. Ka riƙe biyar a rana. Akwai wani ɗan mitsitsin tsuntsu da ke yini yana "pok, pok, pok" kamar maƙeri na bugun ƙaramin ƙarfe. Da zarar ka san shi, kunnenka zai ajiye shi gefe ya ji na bayansa. Manyan dangin cilakowa na kurmi, masu ƙahon baki, tun kafin su yi kuka za ka ji fukafukansu na huci a sama kamar zugazugi. Abin da ba ka gane ba, ka ɗauki sautinsa da waya na daƙiƙa talatin, ka faɗi wuri da lokaci a ƙarshen ɗaukar.

Na biyar, san inda ake zama

Nan ne asirin yake, kuma nan na fi so a dakata. Mai yawo a kurmi yana ganin wutsiyoyi ne suna gudu. Mai zama shi ke ganin tsuntsu.

Wuri na ɗaya, itacen da ya nuna, musamman dangin ɓaure. Ka duba ƙasa: idan ka ga 'ya'ya a zube, wasu an ɗan ci an yar, ga kashin tsuntsu a kan ganye, to ka samu. Nemi inda za ka ga rassan ba tare da ka karya wuya ba, ka ɗan ja baya daga gindin, ka jingina da wani itace don kada siffarka ta fito, ka zauna. Na taɓa zama haka wata safiya, minti ashirin babu komai sai ƙudaje. Can sai koren hasbiyoyi suka sauko, ba ka ganinsu sai sun motsa don launinsu da ganye ɗaya ne. Bayan su sai na ji wani gurnani mai zurfi, "kok-kok-kok", reshe ya lanƙwasa, ga babban turako shuɗi, tsawonsa ya haura santimita 70, da baƙin tukku a ka kamar an ɗaura masa rawani, baki rawaya mai jan tsini. Bai tashi ba, gudu ya yi a kan reshen kamar kurege, ya tsinki ɗan ɓaure, ya karkata kai ya dube ni da ido ɗaya, ya haɗiye. Su biyar ne ashe, suna bin juna ɗaya bayan ɗaya. Da na ci gaba da tafiya a minti na goma sha biyar, da ban san suna kurmin ba. Ƙananan danginsa kore kuma, idan suka buɗe fiffike za ka ga ja wur, kuma jan nan daga wani sinadari ne mai ɗauke da jan ƙarfe wanda kusan su kaɗai ke da shi a tsuntsaye.

Wuri na biyu, ruwa. Da rani, ɗan kududdufi a inuwa yakan tara masu wanka da tsakar rana da kuma bayan la'asar, lokacin da sauran kurmin ya yi tsit. Zauna ƙasa, nesa da taki goma, kada ka motsa.

Wuri na uku, kwarkwasa. Idan rundunarta ta bazu tana farauta, ƙwari da gizo-gizo da kyankyasai na tsere a gabanta, tsuntsayen ƙasa masu kunya, waɗanda ba ka ganinsu a kowane hali, sai su fito suna tsinta a gaban rundunar. Za su shagala har ka kusance su. Amma ka fara duba inda ka taka. Ka tsaya a gefe, kada ka tsaya a gaban inda ta dosa, ka riƙa duban takalminka, domin cizonta sai ta hau jiki sosai take farawa.

Sai kuma ayari. A kurmi tsuntsaye iri-iri kan haɗu su yi kiwo tare: masu cin ƙwari a ganye, maƙwaƙwafai a jikin itace, masu kama ƙuda a iska. Za ka yi awa guda shiru, sai kawai ko'ina ya ɗauki motsi na minti biyar ko goma, sannan ya wuce. Idan ya zo, ajiye littafi. Kalli ɗaya, riƙe kamanninsa, koma kan na gaba. Idan ka gane inda suka nufa, zagaya ka tare gabansu, ka fi mai bin baya riba.

Abin da za ka riƙe game da baƙon tsuntsu: girmansa idan aka gwada da kanari, kurciya ko hankaka, siffar baki, tsawon wutsiya, a wane hawa yake, ƙasa, tsakiya ko ƙololuwa, me yake yi. Launi ya zo a ƙarshe, don hasken kurmi na rina komai kore.

Na shida, saita kyamara

Matsalar hoto a kurmi ɗaya ce, haske bai isa ba. Saboda haka ka buɗe ƙofar gilashi iyakarta, f/4 ko f/5.6 ko f/6.3, gwargwadon abin da naka ya bayar. Ga tsuntsun da ke zaune, gudun shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, 1/250 zuwa 1/500 na daƙiƙa ya isa. Mai tsalle-tsalle na son 1/1000. Mai tashi sama ya fi haka, kuma gaskiya a cikin duhun kurmi ba kasafai ake samunsa ba. Bar ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ya riƙa canza kansa, ka sa masa iyaka a 6400. Kada ka ji tsoron ISO mai yawa. Hoto mai ɗan yashi-yashi ana gyara shi a kwamfuta, wanda ya girgiza kuwa ya tafi ke nan. Ɗauki da tsarin RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, don ka sami damar gyaran haske da cire koren da ganye ya shafa wa tsuntsun.

Fokas ka mai da shi ɗigo ɗaya, ka ɗora a kan idon tsuntsu. Idan ka bar kyamara ta zaɓa da kanta, ganyen gaba za ta kama. Idan ta rikice tana kai da komo, juya zoben fokas da hannu ka kusanto, sannan ka bar ta ta ƙarasa. Danna a jere, hoto huɗu ko biyar, domin a ƙaramin gudu galibi na tsakiya ne ke fita tsaf. Matse gwiwar hannu a ƙirji, jingina kafaɗa da itace, saki numfashi a hankali kafin ka danna. Idan kyamararka na da shota marar sauti, kunna ta.

Tsuntsun da ke ƙololuwa, bayansa farin sama, zai fito baƙi ƙirin. Ƙara haske da +1 ko +2. Mafi kyau ma ka matsa taki ɗaya ko biyu gefe har ganye mai duhu ya koma bayansa. Sau da yawa hoto mai kyau da marar kyau taki ɗaya ne tsakaninsu: ka nemi tagar da babu reshe a gaban fuska, ka durƙusa idan ta kama. Ranar da gajimare ya rufe rana ta fi ranar da take ƙwalla, don hasken da ke ratsa ganye yakan yi wa tsuntsu dabbare-dabbare, wani wuri ya ƙone, wani ya yi duhu.

Ka ɗauki hoton shaida tukuna, ko daga nesa, sannan ka matsa. Kada ka doshi tsuntsu kai tsaye kana kallonsa; bi ta gefe, kana tsayawa. Idan ya daina ci ya miƙe wuya, ka kai iyaka.

Wanda ba shi da kyamara kada ya karaya. Ɗora idon waya a kan idon madubin hangen nesa, hoton zai isa a gane tsuntsun.

Na bakwai, abin da ba a yi

Wasu na kunna kukan tsuntsu a waya don ya fito. Yana aiki, shi ya sa yake da haɗari. Tsuntsun na zaton kishiya ce ta shigo masa gida, ya bar ci, ya bar ƙwai, ya zo faɗa da abin da babu. Ni dai na fi son a bar shi. Wanda ya ga dole, ya kunna a hankali na 'yan daƙiƙu ya kashe, kuma ban da lokacin sheƙa. Kada ka karya reshe ko ka cire ganye don sheƙa ta fito a hoto, domin ganyen nan shi ke ɓoye ta daga maciji da shaho. Filasha a fuskar mujiya da dare, a'a.

A duwatsun kurmin Kuros Riba da Kamaru akwai wani tsuntsu mai sanƙo, masana na kiransa Picathartes, yana gina sheƙar laka a jikin dutse kamar tukunya, yana dawowa kogonsa da yamma. Ɗan'uwansa mai farin wuya na Gana, mutane na zuwa ƙauyen Bonkro takanas don shi. Wanda ya je irin wannan wuri zai zauna ne inda ɗan jagora ya nuna masa tun kafin tsuntsun ya dawo, babu magana, babu filasha, babu tashi sai ya shige.

Sai aku. Kowa ya san shi a keji a gidajenmu, kaɗan ne suka taɓa ganin garkensa na ratsa saman kurmi da yamma suna fito da ihu, jajayen wutsiyoyi na walƙiya. Kamun da ake masa ya kai ga bincike ya nuna Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta tun daga 1992, kuma a 2016 taron yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji a duniya, ya hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Idan Allah ya nuna maka inda suke kwana ko ramin da suke ƙwai, kada ka rubuta wurin a Facebook, kuma ka goge bayanin wuri da waya ke liƙa wa hoto kafin ka ɗora. Masu tarko ma suna da waya.

Bayan an dawo

Laima ita ce ajalin gilashi. Kada ka bar kyamara ta kwana a jiƙaƙƙiyar jaka. Goge ta, ka bar ta ta sha iska, sannan ka rufe ta a roba mai murfi tare da ƙwayoyin silika, irin ƙananan ƙunshin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi. In ba haka ba, bayan 'yan watanni za ka ga funfuna ta yi saƙa kamar yanar gizo a cikin gilashin, kuma ba kullum take fita ba. Idan ka kwana a ɗaki mai sanyin na'ura, fito da jakar waje a rufe minti ashirin kafin ka buɗe, don kada gilashin ya yi gumi daidai lokacin da haske ya fi kyau.

A daren ranar, kafin barci ya share maka kai, ka zauna da ɗan jagora da littafi ku bi abin da kuka gani ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba ku tabbatar ba, rubuta shi da alamar tambaya, kada ka cusa masa suna. Tambayi sunan kowane tsuntsu da harshen mutanen wurin, da Fulatanci ko Hausar yankin in akwai, ka rubuta kusa da na littafi, domin sunayen nan na ɓacewa da mutuwar tsofaffi. Sannan ka shigar da jerin a eBird, ko ka tura wa shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da APLORI ke jagoranta ta manhajar BirdLasser, tare da kwanan wata, sa'ar da ka fara, da tsawon tafiyar da ka yi. Idan zazzaɓi ya taso maka cikin makonni biyu ko uku da dawowa, je asibiti a gwada jininka, ka kuma faɗa wa likita cewa daga kurmi kake.